Matsayi, Nisan Tafiya Da Gusawa: Darasi Ga Hakimai Da Malamansu

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwan Kogin Kano ya shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam ta hanyoyin da aka haƙa masa. Ƙasar da a da sai damina ake nomanta, ga ta tana ba da shinkafa da alkama da tumatir har da rani. Darajar gona ta hau, rikicin iyaka kuwa ya hau tare da ita. Irin wannan rikici daga mai unguwa yake tasowa, ya bi ta hannun dagaci, ya sauka gaban hakimi. Bayan shaidu sun tsufa ko sun rasu, abin da malami ya rubuta shi kaɗai za a ɗauko. Saboda haka ya kamata mai riƙe da alƙalami ya san kalmomi uku da ake fara koya wa ɗalibai a ilmin fiziks.

Ta farko ita ce matsayi, watau inda abu yake. Ba a iya faɗin matsayin kome sai an zaɓi wani wuri tabbatacce wanda za a fara awo daga gare shi. Wanda ya rubuta cewa gona tana kusa da ɗorawa bai ɗaure magana ba, gama ɗorawa a kan sare ta, suri a kan baje shi. Ƙofar ruwa ta siminti, ko gada, ko turken safiyo, su suka fi dacewa. Wayar hannu ma da take nuna wa mutum lambobin wurin da yake tsaye, daga layin tsakiyar duniya da layin Girinwic na Ingila take ƙirgawa.

Sauran biyun su ne ake yawan cuɗawa. Nisan tafiya shi ne tsawon hanyar da ƙafa ta taka, da kwanarta da zagayenta duka. Gusawa kuwa ita ce miƙaƙƙen layi daga inda aka tashi zuwa inda aka tsaya, tare da faɗin wajen da aka nufa.

A ce misali dagaci ya aiki yaronsa ya duba wata gona. Yaro ba shi da ikon ratsa fadamar shinkafa cike da ruwa, sai ya bi gefen hanyar ruwa daga ƙofar siminti, ya yi gabas mita 300, sa'an nan ya karya ya yi arewa mita 400, ya iske kusurwar gonar. Nisan tafiyarsa mita 700 ke nan. Amma da za a ja igiya sak daga ƙofar zuwa kusurwar, mita 500 za a samu. Ga yadda lissafin yake, tun da gabas da arewa sun haɗu a kusurwa irin ta ɗaki: 300 sau 300 shi ne 90,000, 400 sau 400 shi ne 160,000, a tara su a sami 250,000, lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan kuwa ita ce 500. To, gusawar yaron mita 500 ce, arewa maso gabas, ta fi karkata arewa.

Yanzu a duba ɓarnar da kan auku. In malami ya rubuta "gonar tana mita 700 daga ƙofar ruwa" kawai, wanda ya zo bayansa da igiyar awo zai miƙa ta sak, ya zarce da mita 200, ya faɗa gonar wani. Ko da 500 ɗin ya rubuta, muddin bai ambaci wajen ba, bai gama aiki ba, domin wurare masu nisan mita 500 daga ƙofa sun kewaye ta ta kowane gefe kamar bakin faifai. Mu da muke neman alƙibla sau biyar a yini bai kamata faɗin waje ya yi mana wuya ba.

Kada a ɗauka nisan tafiya ba shi da amfani. Mai yashe hanyar ruwa, da mai motar da ke kwasar kwandunan tumatir daga Kadawa, bisa tsawon abin da suka bi ake yi musu lissafi. Mai tsaron ƙofofin ruwa yakan wuni yana zagaye ya komo inda ya tashi. Gusawarsa sifiri ce, amma ba mai cewa bai yi aiki ba. Gusawa dai ba ta taɓa fin nisan tafiya tsawo. Iyakarta su yi daidai, in hanya miƙaƙƙiya ce kuma ba a juyo ba.

Ana roƙon hakimai su umurci malamansu, duk lokacin da za a rubuta iyakar gona, a ambaci wurin da aka fara awo, da adadin mita a miƙe, da wajen da aka nufa, kuma a yi awon da igiya maimakon taki, tun da takin dogo ba na gajere ba ne. Domin gwaji, kowane malami ya lissafa wannan: mutum ya yi yamma mita 60, ya yi kudu mita 80. Nawa ne nisan tafiyarsa, nawa ne gusawarsa, kuma wane waje?