Lakar Tafki Ba Ta Mantuwa

A aikina na kula da tafkuna da kamun kifi a ƙasar Magarya da Dungas, kiran asuba na fi tsoro. Wata bazara masunta suka tashe ni zuwa wani tafki a kwarin Korama. Karfasa ta taso ciki sama, fari fat a kan ruwa, kowa na cewa guba aka zuba. Na ce su duba tarwada, ga ta nan tana harkarta. Guba ba ta zaɓe. Tarwada ta tsira ne domin tana leƙowa ta shaƙi iskar sama, ita kuwa karfasa ba ta da wannan dabara. Ruwan ya yi kore shar kamar miyar kuka.

Mai laifin sinadarin fosfat ne. Yana cikin takin 15-15-15 da DAP da masu rake da lambu ke zubawa, yana cikin kashin shanu a mashaya, da wasu garin sabulun wanki. Idan ya yi yawa a ruwa, gansakuka da kainuwa su samu abinci su yi ta yaɗo. Da rana suna ba da iskar oksijin, da dare su zuƙe ta, wanda ya mutu a cikinsu kuma ya nutse ya ruɓe ya cinye sauran iskar. Shi ya sa kifi ke mutuwa gab da asuba. A Kanada, a 1973, wani masani mai suna David Schindler ya raba wani tafki biyu da labule, ya ƙara fosfat a ɓangare guda. Wannan ɓangaren kaɗai ya rikiɗe kore.

Abin da ya fi wuyar fahimtarwa shi ne laka. Fosfat ba ya tashi da tururi. Yana sauka ƙasa ya manne da sinadarin ƙarfen da ke cikin laka, ya kwanta shekara da shekaru. Ranar da oksijin ya ƙare a ƙasan ruwa, ƙarfen ya sake shi, ya dawo sama ya ciyar da sabuwar gansakuka. Ruwan kanwa, wanda ba baƙo ba ne a yankinmu, yana ƙara sauƙaƙa sakin, haka ma tattakin shanu. Ke nan ko yau aka daina zuba taki, tafkin zai ci gaba da ci daga rumbunsa.

Abin takaici, jigawarmu yunwar fosfat ɗin nan take yi. Gero na ramewa a tudu, tafki na shaƙewa da ƙoshi a kwari.

Manoma, ku bar watsa taki. Ku sa ɗan tsunkule a gindin shuka, kamar giram 2 na DAP a kowane rami, yadda masu bincike na ICRISAT a Sadore suka gwada. Ku bar ɗamarar ciyawa tsakanin lambu da bakin ruwa. Idan an yanke kacalla ko an kwashe kainuwa, a fitar da su tudu a yi takin gargajiya. Ƙona su a cikin tafki mayar da fosfat gida ne. Idan ruwa ya janye da rani, a kai amalanke a kwashi baƙar lakar nan zuwa gona.

Masunta kuma, duk wanda ya ga kifi na hamma a saman ruwa da sassafe, ya sanar da ma'aikatan muhalli a ranar, kada ya jira gobe.