Yadda Za Ka Zaɓi Kaza Mai Ba Da Ƙwai Da Nama

Malam manomi, kafin ka fitar da kuɗinka ka sayi 'yan tsaki, ka san cewa kajin gidan gona iri-iri ne. Akwai na nama zalla, masu saurin girma amma ba su jure zafi da yawon kiwo. Akwai na ƙwai zalla, irin su Shika Brown da aka samar a Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, kusa da Zariya. Sai kuma masu amfani biyu: macen ta yi maka ƙwai, zakaran ya yi nama. Waɗannan su suka fi dacewa da ƙaramin manomi.

Me ya sa?

Kazarmu ta gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, nauyinta kuma da wuya ya wuce kilo ɗaya da rabi. Kaza mai amfani biyu, in ta sami abinci da kulawa, tana iya ba ka ƙwai 150 ko fiye a shekara. Takan fara saka tana da wata 5 zuwa 6. Zakaranta kuwa yakan kai kilo 2 cikin wata 3 zuwa 4.

Ire-iren da za ka samu

1. Noiler. A Jihar Oyo aka samar da ita, ta kuma yaɗu a Arewa. Launinta kala-kala ne kamar na kazar gida.
2. FUNAAB Alpha. Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ce ta samar da ita, aka yi mata rajista a 2018.
3. Kuroiler daga Indiya, da Sasso daga Faransa.
4. Rhode Island Red da Plymouth Rock, tsofaffin iri ne daga Amurka.

Ka fara duba rumbunka

Kada sunan kaza ya ruɗe ka. Babbar kaza irin wannan tana cin wajen giram 120 a rana. Kaji 20 ke nan za su cinye kusan kilo biyu da rabi kullum. In kana sakin su kiwo za su tsinci ƙwari da gara da ganye, amma dole ka ƙara musu tsakin masara ko dawa, da dusa, da ƙuli-ƙuli ko waken suya soyayye, safe da yamma. Masu ƙwai suna bukatar garin ƙashi don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari. In ka bar su da yunwa, kazar gida ma ta fi su. Saboda haka ka sayi adadin da za ka iya ciyarwa har kaka ta zagayo.

Wajen saye

Araha ba ta ado. Ka saya a wurin dillalin da aka sani, kada ka ɗauka a bakin hanya. In ba ka da ɗakin ɗumi, nemi waɗanda suka yi mako 4 ko 5, an riga an rene su an yi musu rigakafi. Ɗan tsako mai lafiya idonsa garau yake, yana kazar-kazar, gindinsa babu kashi a manne. Wanda ya takure ya saki fukafukai, bar shi.

Kada ka rabu da kajin gida

Yawancin waɗannan kaji ba su cika yin kwanci ba. Ajiye kajin gida biyu ko uku, ka sa musu ƙwan, su ƙyanƙyashe cikin kwana 21. Zakara ɗaya ya isa mata 10. Amma ka sani, 'ya'yan haɗaɗɗen iri kamar Noiler ba su kai iyayensu, don haka ka riƙa sabunta iri.

Rigakafi ya fi magani

Cutar fakat, wadda likitoci ke kira Newcastle, tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu. Ana yin maganin rigakafinta a Vom, Jihar Filato. A ba kajinka duk bayan wata 3 ko 4, har da na gida. Sabuwar kaza ka ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran. Ka yi akurki mai iska, ka tsare su daga shaho da muzuru.

Ka lissafa lokaci: sayi 'yan tsaki wata 4 kafin Sallah, ka sayar da zakaru da daraja, matan su ci gaba da yi wa iyali ƙwai. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinku.