Darasin Kiwo: Yadda Ake Zaɓen Komin Abincin Awakin Turke

Kamazou yana cikin Ƙaramar Hukumar Cikun, kudu da kogin Kaduna. A da gonaki ne suka kewaye shi. Yanzu gidaje sun cinye fili mai yawa, wurin kiwo ya ragu. Akuyar da aka saka takan faɗa gonar maƙwabci, ko ta hau titi, ko ta ci leda a bola. Saboda haka ake ɗaure awaki a turke ko a rufe su a ɗaki, a riƙa kawo musu abinci.

Akuyar turke ba ta da abinci sai wanda aka ba ta. Harawa da dusa kuwa kuɗi ne, musamman da bazara. Don haka wurin da ake zuba abincin yana da muhimmanci kamar abincin kansa.

Illar zuba abinci a ƙasa

Akuya dabba ce mai tsantsani. A daji ta fi son ɗaga kai ta ci ganyen sama. Idan aka watsa mata harawa a ƙasa, sai ta tsince ganyen, ta tattake sauran, ta yi fitsari a kai. Daga nan ba za ta ƙara taɓawa ba. Misali, idan awaki suna ɓata dami ɗaya cikin kowane dami huɗu, to mai su yana zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa.

Illa ta biyu ita ce cuta. Kashin awaki yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta masu kawo zawo. Idan ya gauraya da abinci, ƙananan 'yan awaki ne suka fi kamuwa. Sai su rame, wasu su mutu.

Abinci iri biyu, mazubi iri biyu

1. Na harawa da ciyawa da karmami. Wannan sama ake ɗaga shi. Ana iya ɗaure damin da igiya a rataye shi daidai kan akuya. Wanda ya fi wannan shi ne akwati mai sanduna da kafinta zai haɗa. A bar tsakanin sanda da sanda kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. Bakin akuya zai shiga, amma kanta ba zai shiga ba, balle ƙahonta ya maƙale. A sa faranti ko katako a ƙarƙashi don tare ganyen da ke zubowa, domin ganyen harawa ya fi kara amfani.

2. Na dusa da ƙowa da ƙuli-ƙuli. Wannan komi yake bukata. A ɗora shi a kan ƙafafu ko bulo, tsayinsa daga ƙasa kamar santimita 30 zuwa 40, wato ƙasa da kamu ɗaya kaɗan. A gicciya sanda a samansa don kada akuya ta shiga ciki ta tsaya.

Wane komi ya dace?

Komin itace ko na katako yana da nauyi, ba ya kifewa. Amma dusa takan maƙale a tsagarsa ta yi hunhuna, sai an riƙa kankarewa.

Rabin duro na roba yana da sauƙin wankewa, kuma ba ya tsatsa. Na ƙarfe yana da ƙarko, amma dole a lanƙwasa bakinsa don kada ya yanki akuya. Kada a yi amfani da duron da aka taɓa zuba maganin feshi ko wata guba a ciki.

Tsohuwar taya da aka tsaga tana da araha. Sai dai a duba sosai, kada a bar waya ta fito.

Daro da kwano sun dace da akuya ɗaya a turkenta. Amma ba su da nauyi, akuya takan kifar da su. A kafa su cikin taya ko a tokare su da duwatsu.

Komin siminti yana daɗewa, amma ba ya ɗaukuwa. Wanda yake zaune a gidan haya kada ya kashe kuɗinsa a kansa.

Girman komi

Awaki suna da faɗa wajen ci. Babbar takan tunkuyi ƙarama ta hana ta. Kowace babbar akuya tana bukatar fili kamar santimita 40 a bakin komi. Mai awaki 5 yana bukatar mita 2 ke nan. Tsawon babban duro bai kai mita ɗaya ba. Idan aka jingina rabinsa da bango, awaki 2 zai ɗauka. Idan aka ajiye shi a tsakiya, 4 za su ci, biyu ta kowane gefe. A ware wa 'yan awaki da mai tsohon ciki nasu komin daban.

Kula da komi

A share ragowar abinci kowace safiya kafin a zuba sabo. A ajiye komi a ƙarƙashin rumfa, domin dusar da ruwan sama ya jiƙa takan yi tsami ta ɓata cikin dabba. A sa bokitin ruwan sha nesa kaɗan da komi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Mai neman ƙarin bayani ya ga malamin gona ko malamin dabbobi na yankinsa. Akwai kuma Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a Shika, kusa da Zariya, wadda take bincike a kan awaki da tumaki da shanu.

Tambayoyi

1. Faɗi illa biyu na zuba wa awaki abinci a ƙasa.
2. Wane irin duro ne bai kamata a yi komi da shi ba?
3. Mai awaki 8, fili nawa yake bukata a bakin komi?