Maikro-RNA da Ciwon Sukari

Gabatarwa
Ciwon sukari kan daɗe yana ɓarna a jiki kafin mai shi ya farga. Wannan nazari zai duba wata hanya da masana ke fatan ta tona asirinsa da wuri.

Ma'anar Maikro-RNA
Ƙananan sinadarai ne masu rage aikin wasu ƙwayoyin gado. Victor Ambros ya gano na farko a 1993 a jikin wata 'yar tsutsa, kuma shi da Gary Ruvkun suka sami lambar Nobel a 2024. A 2008 aka gano suna yawo cikin jini ba tare da saurin lalacewa ba, wato ana iya auna su.

Alaƙarsu da Ciwon
Binciken garin Bruneck na Italiya, wanda aka buga a 2010, ya nuna nau'in miR-126 ya ragu a jinin mutane tun kafin ciwon ya bayyana.

Kammalawa
Awon HbA1c da ake yi yanzu kan yi kuskure ga masu sikila, ga su kuwa da yawa a ƙasar Hausa, don haka sabon awo zai amfane mu. Sai dai bai isa asibiti ba tukuna. Kafin nan, kada a yi sakaci da awon sukari.