Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ake Kai Tiyon Numfashin Inji?

Tambaya: Na sauke injin tsohuwar motata na ɗora na Toyota 4A-FE ɗan Beljiyam. A kan murfin injin akwai bakin tiyo guda biyu. Bakanikena ya toshe ɗaya da ƙusa, ɗayan kuma ya sa masa guntun tiyo ya bar shi yana reto. Yanzu baƙin mai na tsattsafowa ta gefen murfin, ina kuma jin ƙauri a cikin mota. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, a cire ƙusar nan tun kafin ka sake yin doguwar tafiya. Duk inji, ko sabo fil ne, wani hayaƙi yakan sulale ta gefen zobban fistin ya gangara inda baƙin mai yake, da tururin ruwa da ɗanyen fetur a cikinsa. Tukunya ce a kan wuta: ka danne murfi, tururi ya nemi wata kafa. A inji kafar ita ce gaskit da oyil sil, wani lokaci har sandar auna mai ta yi tsalle. Motocin da can suna zubar da hayaƙin ne ƙasa ta wani bututu, har jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara amfani da bawul ɗin PCV a motocin 1961, wanda ke mayar da shi inji ya ƙone.

Bakunan nan biyu aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Wanda ke ɗauke da bawul ɗin PCV shi ne mafita. Tiyonsa manifol na shan iska zai tafi, bayan totur, inda inji ke zuƙa da ƙarfi in yana sulo. Ɗayan mashiga ce ta iska mai tsabta, ana haɗa shi da babban tiyon da ke tsakanin iya kilina da totur. In babban tiyon naka ba shi da baki, a huda a dasa masa, a ɗaure da kilif. Kada a haɗe biyun wuri guda a kai manifol: iska za ta yi yawa, sulo ya lalace, inji ya riƙa shan mai yana ɓata fulogi. Barin mashigar a buɗe kuwa, a ƙurar hunturun nan tamu, gayyatar yashi ne cikin baƙin mai. Masu inji irin 1ZZ-FE da ke da na'urar auna iska, su dasa nasu bakin bayan na'urar, don kwamfutar mota ta san da duk iskar da ta shiga.

Sai zaɓen tiyo. Na lagireto bai dace ba, don robarsa ta ruwa ce. Baƙin mai na kumbura ta, ta yi laushi, zuƙar manifol ta manne ta. Ka nemi tiyon mai mai zare a ciki, faɗinsa daidai da bakin murfin, kada a rage. A bi da shi gajeriyar hanya, ba lanƙwasa mai kaifi, nesa da manifol na salansa da bel. Abin da na fi damuwa da shi shi ne tiyon da ya yi ciki a tsakiya. Nan mai da ruwa ke kwanciya su zama kunu, su toshe hanya ba ka sani ba. A ɗaga shi yadda abin da ya taru zai gangara ya koma inji.

Gwangwanin tace mai da wasu ke sawa tsakanin bawul da manifol ba laifi, amma a irin injinka ba dole ba ne, kuma sai an riƙa zubar da shi. Inji mai tabo (turbo) ne ke buƙatar ƙarin shiri, don manifol ɗinsa yakan koma turo iska.

In an gama, ka zare bawul ɗin ka girgiza. Mai lafiya yakan yi ƙwas-ƙwas. Ka tada mota, ka ɗora yatsa a gindinsa, za ka ji yana zuƙa. Gaskit ɗin murfin da ya riga ya fara yoyo a canja shi. In duk an yi wannan amma ka buɗe murfin zuba mai ka ga hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi, to zobban fistin ne suka gaji, sai a auna matsin kowace silinda kafin wa'adin da mai sayar da injin ya ba ka ya cika.