Kafin a yi wa kwamfutarka fomat

Wata ranar kasuwa da hantsi wani bawan Allah daga Horo Birni ya iso shagona a Bodinga, ya ɗauro kwamfutarsa ta tebur a bayan babur, nannaɗe cikin tsohon bargo saboda ƙura. Ɗan shago gare shi inda yake buga takardu da hoton fasfo, yara kuma kan je wurinsa su saba da madannai, tunda jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, ta mutu. An ce in kawo a yi mata fomat."

Na jona ta, na kunna. Fanka na juyawa, fitila na ci, allo baƙi ƙirin, sai layin Turanci yana cewa a zaɓi faifan da za ta tashi da shi. Na ce, "Alhaji, mene ne abu na ƙarshe da aka yi mata?" Ya ce ƙanensa ne ya sayo sabon faifai irin SSD, ya ɗora Windows a kai, ta yi mako biyu tana gudu kamar sabuwa. Sai yaron ya zare tsohon faifan zai goge shi ya sa a wata kwamfutar. Daga ranar ba ta ƙara tashi ba.

Da jin haka na san inda gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ta faɗawa cikin Windows kai tsaye. In ka kunna ta, wata ƙaramar manhaja da ke cikin na'urar, wadda muke kira BIOS ko UEFI, ita ke fara farkawa, ta nemi wani ɗan yanki a jikin faifai, wanda yawanci bai wuce megabayit 100 zuwa 'yan ɗaruruwa ba. A nan fayilolin tashi suke, su ne ke nuna mata hanyar zuwa Windows. Kamar zaure ne a gidan Bahaushe: sai ka bi ta nan za ka kai ɗaki. To in aka ɗora Windows alhali faifai biyu suna jone, sau da yawa mai ɗorawar yakan ga zaure a tsohon faifan, sai ya yi amfani da shi, bai gina wani a sabon ba. Ɗakin yana sabon gida, zauren yana tsohon gida. Ranar da aka zare tsohon, hanya ta ɓace, amma kaya na nan cikin ɗaki ko tsinke bai ɓata ba.

Allah ya sa yaron bai riga ya goge tsohon faifan ba, yana cikin aljihun rigar Alhaji. Na mayar da shi, kwamfuta ta tashi nan take. Daga nan na yanki ɗan wuri a SSD ɗin, na rubuta masa nasa fayilolin tashi da umarnin bcdboot, na zare tsohon, na sake kunnawa, ta tashi da ƙafarta. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Da an yi fomat ɗin da aka ce, da aikin mako biyu ya tafi. Da an goge tsohon faifan kuma, da takardun mutane na shekaru sun bi iska, don ba shi da kwafinsu ko'ina.

Shi ya sa nake roƙon duk mai ɗora Windows: zare wayoyin sauran faifai tukuna, ka bar wanda kake so shi kaɗai, in ka gama ka mayar. Minti biyu ne.

Akwai abin da ya fi wannan sauƙi ma, kuma ya fi yawan zuwa mini. Wani filas ya manta a jiki, kwamfutar ta tsaya tana neman tashi daga cikinsa. Wani kuma jerin tashin ne ya hargitse, faifan da ba shi da komai ya koma na farko. Kowace kwamfuta tana da maɓallin da ke fito da jerin faifai lokacin kunnawa: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo. Danna, ka zaɓi ɗayan faifan, ka gani. In ta tashi, matsalar ta jeri ce kawai.

Me ke hargitsa jerin? Galibi wani ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe da saitin BIOS da agogo in babu wuta. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, sun yi shekaru a wani wuri kafin su iso Sakkwato, batirin ya gaji. Alamarsa ita ce kwanan wata ya koma shekarun baya duk sanda aka ɗauke wuta. In ya mutu saiti yakan koma na masana'anta, sai kwamfutar da aka ɗora wa Windows a tsohon salo, a faifai mai tsarin MBR, ta koma neman tashi a salon UEFI da ke tafiya da GPT. Ko kuma yanayin faifan ya sauya daga AHCI zuwa wani, sai shuɗin allo ya fito. A sauya batir, a mayar da saiti, shi ke nan.

Sai masu manhaja biyu a na'ura ɗaya, galibi ɗalibai da ke ɗora Ubuntu kusa da Windows don koyo. Ina son wannan ƙoƙari nasu ƙwarai, kuma ina ganin zai ƙaru, tunda Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, ga shi tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da TPM 2.0 da Windows 11 ke nema. Amma a sani cewa Ubuntu yana zuwa da nasa mai tsaron zaure, GRUB, wanda ke tambayarka wacce za ka shiga. Yaro ya gaji da Ubuntu, ya shiga Windows ya goge yankinsa, ya sake kunnawa, sai ya ga grub rescue. Ya kori mai gadi ne da makulli a aljihunsa. Windows na nan lafiya, fayilolin tashinta za a gyara da filas ɗin ɗora Windows. In za a haɗa biyun, a fara ɗora Windows, sannan Linux. A kuma kashe saitin saurin tashi na Windows, don yana barin faifai a kulle, Linux ya kasa rubutu a ciki. In ka ga agogo na kuskure da awa ɗaya daidai bayan ka sauya daga wannan zuwa waccan, ba lalacewa ba ce: Linux na ajiye agogon na'ura a lokacin duniya, Windows na ɗaukarsa lokacin gida, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kafin ka taɓa saitin BIOS a sabuwar laptof, ka tabbata ko faifan na kulle da BitLocker. In yana kulle, tana iya neman lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda galibi ke cikin asusunka na Microsoft. In babu ita, babu mai gyaran da zai buɗe maka.

Wani lokaci kam faifan ne da kansa ya lalace. In BIOS ba ta ganinsa sam bayan an sauya waya, ko kana jin yana ƙas-ƙas, kashe ta, kada ka yi ta kunnawa, kowace kunnawa na ƙara masa rauni.

Ga 'yan'uwana masu gyara kuwa, fomat ya fi sauri, na sani, kuɗinsa kuma a bayyane yake. Amma mutumin da ya kawo maka na'ura bai san akwai wata hanya ba, kai ka sani. Tambaye shi abin da aka yi mata na ƙarshe, ka jona faifansa a wata kwamfutar ka kwashe masa kayansa kafin komai.

Alhaji bai tafi ba sai da muka kwafe takardunsa a wani faifan waje. Na liƙa farar takarda a jikin tsohon faifan, na rubuta "kada a goge", ya sa a aljihu, muka ɗaure kwamfutar a babur, ya kama hanyar Shagari kafin azahar.