Manomi da Makiyayi: Kada a Rama kan Wanda Bai Yi Ba

Kaka ce lokacin da hukuma ke kwana da ido ɗaya saboda gonaki da shanu. A da ba haka ake ba. Manomi kan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, matan ruga su kawo nono su koma da hatsi. Har saniyarsa manomi kan danƙa wa makiyayi shekara da shekaru, ba takarda, shaida sai Allah.

Amana irin wannan kamar katangar laka take. Da hannu ake ɗora ta, tubali bisa tubali, a jira ya sha iska a ƙara wani. Kowace shekara tana son yaɓe kafin damina. Mai gidan da ya ga tsaga ya ce gobe, ruwa ba ya jiran gobensa. Ta tsagar zai shiga, ya jiƙa gindi, wata rana ta faɗo wa masu barci.

Tsagar nan, mu muka yi ta. An nome burtali, an tare mashaya, takin zamani ya sa manomi ganin ba ya bukatar garke, kara kuma ya zama kuɗi. Makiyayi shi ma ya sakar wa yara shanu da dare.

Amma babban bala'in shi ne ramuwar gayya. An yi wa mutum ɓarna, mai ɓarnar ya wuce, sai a far wa rugar da ke kusa. Wane addini ya halatta haka? Allah ba ya kama wani da laifin wani, kai wa ya ba ka izini? A Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, irin wannan fushi ya ci rayuka fiye da 100, galibi mata da yara. Dattijon da ya ji samari na wasa adduna ya yi shiru, da shi aka yi.

In an yi ɓarna a kai ƙara wurin dagaci, a kira Arɗo, a duba gonar da rana, a ƙiyasta, a biya. Shugabanni su guji karɓar na goro daga ɓangarorin biyu. A kwashe amfani da wuri, makiyaya kuma su jira sanarwar sakin gonaki.